Babi na Biyar: Daga Fuskar Waya Zuwa Bangon Zaure

Hoton da ya yi kyau a waya ba lalle ne ya yi kyau a takarda ba. Masu wanke hoto a Birnin Kebbi sun fi kowa sanin haka, domin su ake tsarewa da ƙorafi. Mutum zai taso daga Diggi, ko Kalgo, ko Gwandu, da hoton mahaifinsa a cikin waya, yana so a yi masa babba, a saka a firem, ya rataya a zaure. A waya fuskar dattijon ta fito tar. Da aka wanke sai ga gemu ya cure wuri guda, aikin wuyan riga ya narke, idanu sun yi dishi-dishi. Mai shago ya ce hoton ne ba shi da ƙarfi, wanda ya kawo ya ce injin ne ya tsufa, a rabu kowa ransa a ɓace. Alhali sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, wayar ma haka. Lissafi ne bai fita ba, kuma lissafin ba mai wuya ba ne.

Duk hoton da waya ko kyamarar zamani ta ɗauka, ɗigo-ɗigo ne aka jera sahu-sahu, kowane ɗigo da launinsa guda ɗaya tak. Shi wannan ɗigon ake kira fiksel. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula zai gane abin nan take. Hular da aka yi wa ƙananan ɗinki a matse tana ɗaukar zane mai lanƙwasa da rassa, wadda aka yi wa manyan ɗinki kuwa sai zane mai kauri. Daga nesa duk biyun huluna ne masu ado, sai ka karɓa a hannu ka ga bambanci. Kuma ko yaya ka ja hula ka buɗe ta, ba ka ƙara mata ɗinki ko ɗaya ba, ka dai wara wanda ke jikinta ne. Ƙara girman hoto ma haka yake: ɗigon da aka ɗauka ranar da aka ɗauka, shi ne za a shimfiɗa a kan takarda, ƙarama ce ko babba.

Fiksel miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. Idan aka ce waya tana ɗaukar megafiksel 12, ana nufin ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye. Kyamarar farko irin wannan, wadda wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya harhaɗa a Amurka a 1975, ɗigo 100 a kwance da 100 a tsaye take ɗauka, dubu goma ke nan gaba ɗaya, baƙi da fari, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama zuba hoto ɗaya a kaset. Yau ko wayar komai-da-ruwanka mai araha a kasuwar Kalgo ta ninka wannan sau ɗaruruwa. Saboda haka ƙarancin ɗigo a kyamara ba shi ne ciwonmu ba yanzu. Ciwon yana wajen nawa ne daga cikinsu ke isa takarda, kuma nawa ne a cikinsu ke ɗauke da wani abu na gaske.

Fuskar waya tana rufa wa hoto asiri. Ƙarama ce, tsawonta bai wuce inci shida da rabi ba, kuma yawancin wayoyin da ke hannun jama'a ɗigo 720 ne a faɗinsu, 1,600 a tsawo; masu ɗan tsada 1,080 da 2,400. Ko hoton megafiksel 50 ne, abin da waya za ta nuna maka a lokaci guda bai kai megafiksel 3 ba. Ta matse shi, ta kuma haska shi daga baya, sai duk wani aibi ya ɓuya. Takarda ba ta da fitila a bayanta, ba ta kuma matse komai.

To ɗigo nawa takarda take bukata? Amsar daga idon mutum ta fito. Ido mai lafiya yana iya raba ɗigo biyu ne idan tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri. Idan ka riƙe hoto a hannu kamar yadda kake riƙe littafi, wajen santimita 30 daga fuska, wannan tazarar ta kama ɗan ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita. A jera irinsu a inci ɗaya, za a sami kusan 290. Nan ne asalin lambar nan 300 da masu buga hoto a duk duniya suke riƙe da ita: idan kowane inci na takarda ya sami fiksel 300, ido ba zai ga ɗigo ba, sai dai ya ga fuska.

Daga nan sai ninkawa. Hoton albam, mai inci 4 da 6, yana son ɗigo 1,200 da 1,800, megafiksel 2 da ɗan ɗoriya. Mai inci 5 da 7 yana son 3 da ɗoriya. Mai 8 da 10, wanda aka fi sakawa a ƙaramin firem, 2,400 da 3,000, wato megafiksel 7.2. Takardar A4 tana cin 8.7, A3 kuma wadda ake kalandar biki da ita tana cin sama da 17. Babban firem mai inci 16 da 20 sai ɗigo 4,800 da 6,000, kusan megafiksel 29. Fasfo kuwa, wanda ɗalibin Diggi zai manna a takardar makaranta ko maniyyaci ya kai hukumar alhazai, ɗigo 413 da 531 sun ishe shi idan mai milimita 35 da 45 ne, ko rubu'in megafiksel bai kai ba. Wayar megafiksel 12 ke nan tana iya ba ka hoto mai inci 13 da 10 wanda za ka riƙe a hannu ka ƙura masa ido ba ka ga aibi ba, in dai an ɗauke shi da kyau.

Amma wa ke riƙe babban firem a hannu? Hoto idan ya girma, mai kallo ja da baya yake yi, kuma duk takun da ya yi baya, bukatar ɗigo raguwa take. A nisan mita ɗaya ɗigo 90 a inci sun isa. A mita uku, 30. Ka tuna allunan 'yan takara da suka cika titunan Birnin Kebbi a zaɓen 2023. Allo mai faɗin ƙafa 20 inci 240 ke nan. A shimfiɗa masa hoton waya mai ɗigo 4,000, kowane inci ya sami 16 ko 17. Wanda ke wucewa a kan babur daga tsallaken titi zai ga fuska sumul, har da ƙyallin tabarau. Da zai hau tsani ya kai hancinsa jikin allon, da ya ga murabba'i-murabba'i a jere. Shi ya sa mai buga bana ba ya damuwa da lambar 300, kuma yana da gaskiya.

Sai dai akwai abin da na lura da shi game da hoton zaure, wanda lissafin nesa bai kama ba. Hoton ɗan takara daga nesa ake kallonsa. Hoton mahaifi da ya rasu kuwa, duk girmansa, sai an matso. 'Yarsa da ta zo daga gidan miji za ta tsaya dab da shi, jika zai hau kujera ya sa yatsa a kan gilashin yana tambaya. Irin wannan hoton ban yarda a yi masa awo da nisan mita uku ba. A ba shi aƙalla ɗigo 150 zuwa 200 a inci, ko kuma a rage girman firem.

Akwai wuraren da yawan megafiksel ke da amfani ƙwarai, kuma muna da su a ƙasarmu. Ɗauki bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta shigar da shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ranar babban su, dubban masunta ne ke rugawa Matan Fada da homa da gora. Mai hoto yana tsaye a kan gaɓa, kowane mutum a cikin hotonsa ɗan tsito ne. In ana so a buga wannan da faɗi, mai kallo ya matso ya ga idon homa da fuskar wanda ya rungumo giwan ruwa, to nan kyamara mai megafiksel 45 take nuna kanta, domin tana ba da ɗigo sama da 8,000 a kwance, faɗin inci 27 ke nan ba tare da an sauka daga 300 ba. Haka hawan sallah, haka fadamar shinkafa idan ana son a ga zangarniya.

Wanda ya fi waɗannan nauyi a wurina shi ne tsofaffin littattafai. Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, mai tafsirin Diya'ut Ta'wil, kuma a ƙasar nan gidajen malamai da yawa suna da rubuce-rubucen hannu a cikin gafaka, na Larabci da na ajami. Matasa sun fara ɗaukar su a waya don kada su salwanta, abin a yaba. To amma a rubutunmu na allo, ɗigo ɗaya a ƙasa shi ne fa, ɗigo ɗaya a sama shi ne ƙaf. Tsakanin ba da ta da nun ma ɗigo ne. Idan hoton shafi bai da ƙarfi, ɗigon tawada da tabon takarda sai su zama abu guda, wasali ya ɓace, mai karatu ya koma cinta. Ma'aikatan adana takardu ba sa sauka ƙasa da ɗigo 300 a kowane inci na shafin, sau da yawa ma 400 ko 600 suke yi. Mai waya zai iya kusantar wannan idan ya ɗauki shafi ɗaya-ɗaya, ya cika hoton da shi, maimakon ya baje shafi huɗu a tabarma ya ɗauke su gaba ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Lambar da aka rubuta a kwalin waya tana ruɗin mutane ta hanya biyu. Ta farko lissafi ce: megafiksel 48 bai ninka 12 sau huɗu wajen girman hoto ba, sau biyu ne, domin dole a ninka kwance a ninka tsaye. Mai 12 yana da 4,000 a kwance, mai 48 yana da 8,000. Ta biyu ta fi wannan ɓuya. Abin da ke karɓar haske a bayan gilashin kyamara, wanda ake kira sensa, a yawancin wayoyi bai wuce milimita 6 da 5 ba. A babbar kyamarar masu sana'a milimita 36 da 24 ne, ya ninka na waya kusan sau 30. Idan aka cusa ɗigo miliyan 48 a wancan ɗan wurin, faɗin kowane ɗigo bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ɗigo ƙarami haske kaɗan yake samu, haske kaɗan kuma shi ke kawo wannan tsakin-tsakin da ke fitowa a kumatu da inuwar hula.

Kamfanonin sun san da haka. Shi ya sa wayar da aka rubuta wa 48 take haɗa ɗigo huɗu-huɗu su zama ɗaya, ta ajiye maka hoto mai 12. Mai 50 ta ba ka 12.5, mai 108 a yawancin lokuta tara-tara take haɗawa, ita ma ta dawo 12. Ka buɗe bayanin kowane hoto a wayarka za ka gani. Ba ha'inci ba ne, dabara ce mai kyau, domin hoton da aka haɗa ya fi tsabta a cikin ɗaki. Akan iya kunna cikakkiyar lambar a cikin saitin kyamara, kuma da rana tsaka a fili, hannu a tsaye, takan ƙara wani abu. Da magariba ba ta ƙara komai sai cin wuri. Ni a ganina, abin da kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya yi na gyara kyamarorinsa su riƙa fitar da baƙar fata yadda take, ya fi amfanar hotunan gidajenmu a kan duk tseren lambobin nan.

Domin kaifin hoto ba a yawan ɗigo kaɗai yake ba. Ɗigo miliyan hamsin za su iya ɗauko dishi-dishi, su ajiye shi cikakke. A cikin ɗakin da ba taga, kyamara takan bar idonta a buɗe na tsawon lokaci don ta tara haske, kuma a wannan ɗan lokacin hannu yana rawa, yaro yana motsi. Abin da ya kamata ya faɗa kan ɗigo ɗaya sai ya shafu a kan goma. Wani lokaci kuma kyamara takan kama bangon baya ta bar fuska, sai ka ga tsagar bango ta fito ras amma ido bai fito ba. Taɓa fuskar mutumin a jikin waya kafin a danna yana maganin wannan. Ga gilashin kyamara da ke kwana a aljihu, ya sha maiƙon yatsa da ƙura. Ga hazon hunturu, wanda daga Disamba zuwa Fabrairu yake dusashe duk abin da ke nesa, komai tsadar kyamara. Ga kuma zumin da ake yi da yatsa biyu, wanda a yawancin wayoyi yanka ne kawai: ka ja sau biyu, ka zubar da kashi uku cikin huɗu na ɗigonka. Mai son hoton tsohuwarsa da zai yi firem, ya goge gilashin da gefen riga, ya fito da ita inuwar ƙofar ɗaki da hantsi ko bayan la'asar, ya matsa kusa da ƙafarsa, ya dafa gwiwar hannu a jikinsa. Wannan ya fi canza waya.

Duk da haka, mafi yawan hotunan da ke fashewa a shago ba wajen ɗauka suka lalace ba, a hanya suka lalace. Hoton biki ko na suna yakan bi ta WhatsApp daga waya zuwa waya. A yadda aka saba turawa, manhajar tana rage dogon gefen hoton zuwa kusan ɗigo 1,600, wato mai megafiksel 12 ya koma kusan 2. Sannan ta matse shi da tsarin JPEG, wanda tun 1992 yake aiki ta hanyar yanka hoto gida-gida, ɗigo takwas da takwas, yana zubar da abin da yake ganin ido ba zai nema ba. Abin da yake fara zubarwa kuwa shi ne ƙananan abubuwa: silin gemu, zaren aska takwas a gaban riga, layin lalle a yatsa. Ɗigo 1,600 sun kusa kai abin da hoton albam yake so. A kan firem mai inci 20, kowane inci 80 zai samu. Wanda bai ma adana hoton ba, ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, ya fi kowa asara: ɗigo 720 ne a hannunsa, abin da bai kai inci biyu da rabi ba a takarda.

Na taɓa zama a wani shagon wanke hoto a Birnin Kebbi, wani dattijo ya shigo da hoton walimar sauka. Mutum kusan ashirin ne a jere, yana so a ciro yayansa daga ciki, wanda Allah ya yi wa rasuwa, a yi masa babban firem shi kaɗai. Saurayin da ke kan kwamfuta ya jawo fuskar ta cika allo, ya juyo da shi.

"Baba, duba nan. Hoton ga ba shi yin babba, hwashewa zai yi."

"To ɗana, ai ga waya ya hito ƙwarai."

"Gaskiya ne, Baba. Amma turo maka shi anka yi. Wa ya ɗauka? In wayarshi tana nan, a karɓo muna na asali."

Na leƙa allon. Rawanin ya zama farin fili mai kusurwa-kusurwa, ido ɗaya ɗigo huɗu ne ko biyar masu duhu, bakin kuwa layi ne kawai. Ko da na asalin aka kawo, aikin da sauran wuya. A hoton ɗigo 4,000 da mutum ashirin suka raba, fuska ɗaya ba za ta wuce ɗigo 120 a faɗi ba. In ana so ta kai inci shida a firem, kowane inci ya sami 20. Dattijon ya yi shiru, can ya ce a wanke masa hoton taron yadda yake, kowa da kowa, a 8 da 10. Zaɓin da ya yi shi ne daidai.

Hanyar kauce wa wannan asarar a buɗe take. A tura hoto a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, zai isa yadda aka ɗauke shi. Tun 2023 WhatsApp ya ƙara maɓallin HD, wanda ya fi na da nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma yana ɗan matsewa. Xender da kebul da katin memori ba sa taɓa komai a jikin hoto. Mai hoton biki kuma, idan an biya shi, a nemi ya zuba na asali a filas, kada a tsaya kan waɗanda ya turo a guruf.

Yanzu an sami manhajoji irin su Remini da ke karɓar hoton da ya fashe su mayar da shi sumul cikin daƙiƙoƙi, kuma shaguna da yawa suna amfani da su. Ya kamata a san abin da suke yi. Ba sa dawo da abin da ya ɓace, domin babu inda za su samo shi. Sun ga fuskoki masu ɗimbin yawa, sai su ƙaga ido da haƙori da fata irin waɗanda suka saba gani, su ɗora a gurbin. Wani lokaci abin yakan yi kama, wani lokaci sai ka ga baƙo sanye da rigar kakanka. Abin da ya fi damuna shi ne tsaga. Dattawan Kabawa da Zabarmawa da Gobirawa da yawa suna ɗauke da tsagar gado a fuska, zanen da aka daina yi wa yara, wanda nan gaba a hoto kaɗai za a gan shi. Manhaja takan ɗauke shi a matsayin tabo ta share, ko ta mayar da shi tamoji. In za a yi amfani da ita don kalanda ko jota, a yi, amma a ajiye na asalin daban, kuma a nuna wa wanda ya san mamacin kafin a buga.

Masu hoton zamanin da sun san darajar faɗin abin da ke karɓar haske tun kafin a san fiksel. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyo a Bamako ta ƙasar Mali a 1948, da babban filim yake aiki, mai santimita 13 da 18. Yakan ɗora filim ɗin a kan takarda ya wanke shi daidai girmansa, ya miƙa wa mai shi. Ya kuma adana filim ɗinsa, dubbai. A shekarun 1990, da aka kai su Faransa da Amurka, aka buga wasu har santimita 120 da 180, kusan ninki goma ke nan a kowane gefe, sai ga zanen atamfa da ƙwayar tsakiya da layin kitso sun fito ɗaya bayan ɗaya, abubuwan da waɗanda aka ɗauka ɗin kansu ba su taɓa gani a ƙaramar takardar da aka ba su ba. Filim ɗinsa ya ninka ƙaramin filim mai milimita 35, irin wanda masu hoton garuruwanmu suka yi ta yawo da shi, sau 27 a faɗin fili. Shi ƙaramin in aka ninka shi sau goma, santimita 24 da 36 kawai zai kai.

Wannan yana da amfani ga duk wanda ke da tsofaffin hotuna a akwati. In nagatif ɗin yana nan, shi ne dukiyar, domin ko ƙaramin filim idan aka yi masa sikanin a ɗigo 2,400 yana ba da kusan megafiksel 8. In takarda kaɗai ta rage, abin da ke jikinta bai cika wuce ɗigo 300 a inci ba. A ɗora ta a sikana a 600, za a iya ninka girmanta sau biyu ta fito da mutunci. Fiye da haka sai laushi. Ɗaukar ta da waya daga cikin firem yana kawo ƙyallin gilashi da karkata, gara a cire ta.

Saura injin kansa. A jikin firinta za ka ga an rubuta lambobi masu ban tsoro, kamar 5,760 da 1,440 da ke kan Epson L805 mai tawada shida. Wannan ƙidayar feshin tawada ce, ba ta fiksel ba, domin sai ta fesa ɗigon tawada da yawa kafin ta haɗa launin fiksel ɗaya. Ƙaramar Canon Selphy da masu hoto ke zuwa da ita wurin biki 300 take bugawa, manyan injinan Fuji Frontier ma haka, kuma hotunansu suna fitowa garau. Takarda ma tana da nata: mai sheƙi tana fito da ƙananan abubuwa, tana kuma tona aibi; marar sheƙi da kyanbas suna ɗan rufawa, don haka su suka fi dacewa da hoton da ƙarfinsa ya yi ƙasa. A kuma lura da siffa. Hoton waya huɗu ne bisa uku, takardar 4 da 6 kuwa uku bisa biyu, dole wani gefe ya tafi, kuma in ba a faɗa wa mai shago ba, hula ko ƙafa ce ke tafiya.

Kafin ka biya kuɗin babban firem, ka buɗe bayanin hoton ka ga lambobi biyun nan, ka raba babbar da tsawon takardar da kake so. In amsar ta kai 200, bismilla. In tana tsakanin 100 da 200, ka roƙi mai shago ya saita hoton a girman da za a buga, ya yanko wajen ido da gemu kawai, ya wanke maka a takardar 4 da 6. Kuɗin hoton albam ɗaya ne. Ka fita da guntun waje, ka riƙe shi a nisan da za a riƙa tsayawa a zaurenka. In ya yi maka, a buga babban. In bai yi ba, a sauko zuwa 8 da 10, ko a koma Diggi a nemo wayar da ta ɗauka.